Tiyon zuƙa ba ya kuka

Yarana masu noman rani a lambunan Droum, na ga yadda kuke ji da injin ban ruwa. Kuna canza masa baƙin mai, kuna goge fulogi, kuna lulluɓe shi da buhu in za ku tashi. Madalla. Amma tiyo fa? Sai a ja shi a ƙasa, a bar shi a rana, amalanke ta bi ta kansa. Alhali sau da yawa injin da ake ɗaurawa a bayan babur a kai wa makanike a Damagaram, lafiyarsa ƙalau. Tiyo ne ya gaji.

Tiyo biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba. Na kora, wanda ke kai ruwa fangali, in ya huje kowa zai gani: ruwa na tsartuwa, ƙasa ta jiƙe. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ka yanko robar cikin taya, ka ja ta sosai, ka naɗe wurin, ya kai ka ƙarshen albasa da tattasai.

Na zuƙa, mai tauri mai zobe-zobe a jiki, wanda ke shiga rijiya ko tabki, shi nake so ku kula da shi. In ya tsage ba ya zubar da ruwa, iska yake sha. Ba za ka ga komai ba. Sai dai ka ji inji yana ƙara, ruwa yana fitowa da kumfa, yana yankewa yana dawowa. Ka ɗura wa famfon ruwa, ya ja kaɗan, ya sake saki. Yaro sai ya ƙara wuta. A nan ɓarnar take: mai yana ƙonewa a banza, kuma abin da ke tare ruwa tsakanin famfo da inji, ruwan ne ke sanyaya shi. In ya yi ta juyawa a bushe sai ya ƙone, gyaran da roba za ta yi ya koma na kwance inji. Dama irin wannan famfo ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, to in rijiya ta ja baya a watan Afrilu, ƙaramar kafa ma ta isa ta hana ka ruwa.

Ga yadda ake gane wurin. Ka cire tiyon, ka toshe baki ɗaya, ka cika shi da ruwa, ka bi shi da hannu kana lanƙwasawa a hankali. Tsagar takan ɓuya a tsakanin zobba, galibi dab da bakin inji, inda yake karyewa kullum saboda nauyinsa. In a nan take, yanke wurin, ka tsoma bakin a ruwan zafi ya yi laushi, ka mayar, ka ɗaure da zoben ƙarfe. Kar ka kai shi wuta. Wuta na gasa roba, kwana kaɗan ta sake fashewa. In a tsakiya ne, ka yanke wurin, guntun bututu daidai faɗinsa, inci 2 ko inci 3, shi zai haɗa maka ɓangarorin biyu.

Sai dai akwai tiyon da ya wuce gyara. In ka matsa shi ka ji ya bushe kamar ƙirgi, ko ka ga yana shafewa in inji ya ja, to kar ka yi masa faci na uku. Ka sayar da buhun albasa, ka shiga kasuwar Dole ka sayi sabo. Ka tafi da guntun tsohon a aljihu, don kar a ba ka wanda bai hau ba. Ka duba kwandon bakinsa ma, wanda ke hana yashi da ciyayi shiga.

In damina ta faɗi kun ajiye aiki, ku tsiyaye tiyon, ku naɗe shi da faɗi ba tare da karyawa ba, ku rataye a inuwa inda ɓera ba zai kai ba.