Gada Mai Fenti Biyu

Kogin Ben Hai ba wani babban ruwa ba ne. A inda gadar Hien Luong ta ƙetare shi, wanda ke wannan gaɓa zai ƙwala wa na waccan kira ya ji shi sarai. Amma a 1954, bayan Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu, manyan ƙasashe suka zauna a Janiba suka mai da wannan ɗan kogi iyaka tsakanin Biyetnam ta Arewa da ta Kudu. An ce rabuwar ta shekara biyu ce kacal, za a yi zaɓe a 1956 a haɗe ƙasar. Mayaƙan da suka tafi Arewa sun riƙa ɗaga wa matansu yatsu biyu a wurin sallama. Shugaban Kudu, Ngo Dinh Diem, da goyon bayan Amurka, ya ƙi yarda da zaɓen, shekara biyu ta zama 21.

Na taka gadar da ƙafa. Katako ne shimfiɗe a kan ƙarfe, da farin layi a tsakiya. Rabin Arewa shuɗi, rabin Kudu ruwan ɗorawa. Ba ita ce ta asali ba, domin jiragen Amurka sun ruguza waccan a 1967, amma an sake gina ta da kamanninta. Labarin fentin shi ya fi tsaya mini a rai. Duk sanda 'yan Kudu suka shafa wa rabinsu wani launi dabam don a ga ƙasa biyu ce, sai 'yan Arewa su nemo irinsa su shafa wa nasu don a ga ɗaya ce. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Aka yi gasar lasifika, kowane ɓangare yana zuba wa ɗaya farfaganda dare da rana. Manyan lasifikokin suna nan an jera su a bakin ruwa. Aka yi gasar sandar tuta, har ta Arewa ta haura mita 38. Duk wannan ana yi, akwai uwa a wannan gaɓa da ɗanta a waccan, ba halin gaisuwa sai hange.

Daga nan ba nisa zuwa ƙauyen Vinh Moc a bakin teku, inda ruwan bama-bamai ya kori mutane zuwa ƙarƙashin ƙasa. Da fartanya da kwando suka haƙa ramuka hawa uku, mafi zurfi ya wuce mita 20. Sai da na sunkuyar da kai kafin na shiga. Bangon jan yumɓu ne mai danshi, yana manne wa tafin hannu, kuma kowane iyali an yanka masa wani ɗan lungu wanda magidanci ba zai iya miƙe ƙafa a ciki da daɗi ba. Akwai rijiya, akwai wurin taro, akwai ɗakin haihuwa. Jarirai 17 aka haifa a cikin wannan duhu.

Lardin Kuang Tri, inda duk waɗannan wurare suke, bai gama da yaƙin ba har yau. Ƙananan bama-baman da ba su tashi ba, masu girman gwaiba, suna kwance a gonakin shinkafa suna jiran garma ko hannun yaro. Gwamnatin ƙasar ta ce tun 1975 irin waɗannan sun kashe mutum fiye da 40,000 a faɗin ƙasar. A gefen hanya kusa da garin Dong Ha na ga ma'aikata cikin kaki suna tafiya sannu a jere da na'urar gano ƙarfe, an kakkafa jajayen turaku a inda aka ji ƙara. Da yawansu mata ne. Cikin waɗanda suka kafa ɗaya daga ƙungiyoyin da ke wannan aiki, Project RENEW, a 2001, akwai Chuck Searcy, tsohon sojan Amurka da ya yi aiki a Saigon lokacin yaƙin, ya dawo ya zauna a ƙasar. Wata ƙungiyar kuma, PeaceTrees, wata Ba'amurkiya ce ta kafa ta da mijinta a 1995, ita da aka kashe ƙanenta matuƙin jirgi a yaƙin. Suna tone bam, su dasa itace a gurbinsa.

Wanda ya san Biyetnam ta finafinan yaƙi kawai zai yi mamakin yadda ita da Amurka suka shirya. Amurka ta rasa soja fiye da 58,000, Biyetnam kuwa ta ce nata mamatan, soja da farar hula, sun kai wajen miliyan uku. Duk da haka a 1994 Shugaba Clinton ya ɗage takunkumin ciniki, a Yulin 1995 aka ƙulla hulɗar jakadanci. Waɗanda suka share masa hanya a majalisa tsofaffin sojojin yaƙin ne, John Kerry da John McCain, shi McCain bayan ya yi shekara biyar da rabi a tsare a Hanoi. Jakadan farko da aka tura a 1997, Pete Peterson, shi ma tsohon fursunan yaƙi ne. A 2018 katafaren jirgin ruwan yaƙin Amurka ya yada zango a Da Nang, garin da sojojinta suka fara sauka a 1965, aka tarbe shi da fara'a. Yau babu ƙasar da ke sayen kayan Biyetnam kamar Amurka.

Ba na cewa tsabar kirki ce ta kawo wannan. Akwai ciniki a ciki, akwai kuma tsoron Sin, wadda ta auka wa Biyetnam a 1979. Kuma akwai bashin da ba a biya ba: gubar Agent Orange da aka fesa a dazuzzuka har yanzu tana fitowa a jikin jikoki, Amurka ta ba da kuɗin tsabtace filin jirgin Da Nang, amma kotunanta sun kori ƙarar waɗanda gubar ta nakasa. Duk da haka sulhu ne na gaske, ana ganinsa a kasuwa da makaranta da fuskar mutane. Abin da ya dame ni wani sulhun ne dabam, na cikin gida.

Maƙabartar Truong Son tana kan tudu, ba nisa da kogin. Kabari fiye da 10,000 na sojojin Arewa, an kasa su lardi-lardi, yadda mai ziyara zai nufi 'yan garinsu kai tsaye. Ko'ina a share yake. Hayaƙin turaren tsinke bai yankewa, kuma na ga wani dattijo da lambobin yabo a ƙirji ya kunna taba ya soke ta a gaban wani kabari, ya tsaya har ta cinye. Mutanen ƙasar suna girmama magabata ƙwarai, kusan kowane gida da wurin da aka keɓe musu, kuma a imaninsu wanda ya mutu ba kabari, ba mai kunna masa turare, ruhinsa ba ya samun wurin zama. Sai ka san wannan kafin ka gane nauyin abin da ke can Kudu.

Jirgin ƙasan da ya haɗa Hanoi da Saigon, tafiyar kilomita 1,726, an sake buɗe hanyarsa a ƙarshen 1976, shekarar da aka ayyana haɗewar ƙasar a hukumance ran 2 ga Yuli, aka kuma sa wa Saigon sunan Ho Chi Minh. Shi na bi zuwa Kudu. A birnin, fadar shugaban ƙasa tana nan yadda tankokin Arewa suka same ta ran 30 ga Afrilun 1975, da suka ɓalle ƙofarta shugaban Kudu, Janar Duong Van Minh, ya miƙa wuya. Tsofaffin wayoyin tarho da taswirorin yaƙi suna ɗakunan ƙasa, 'yan makaranta suna ɗaukar hoto. A 2025 an yi gagarumin fareti a titin da ke gabanta don cika shekara 50.

Wajen kilomita 30 daga nan akwai tsohuwar maƙabartar soja ta Bien Hoa, inda aka binne sojojin Kudu kusan 16,000. Bayan 1975 an tumɓuke mutum-mutumin sojan da ke zaune a ƙofarta, wurin ya koma hannun rundunar soja, sai a 2006 aka mai da shi na farar hula aka canja masa suna zuwa Binh An. A ƙofa sai da aka karɓi fasfona aka rubuta sunana. Ciki shiru, itatuwa sun yi girma, saiwoyinsu sun tsattsaga wasu kaburburan. Wasu an yi musu sabon siminti da farar ƙasa, da kuɗin dangi da na ƙungiyoyin 'yan ƙasar mazauna waje. Na tsuguna gaban wani da hoton saurayi ke manne a dutsensa, an farfashe fuskar, sai kunne da hular soja suka rage. Shekarun haihuwar da ke kan duwatsun nan su ne na Truong Son. Yara ne sa'o'in juna, harshe ɗaya, yawancinsu ba su zaɓi gaɓar da aka haife su ba.

Rayayyun ma ba su sha da daɗi ba. An kira hafsoshi da ma'aikatan tsohuwar gwamnati su zo "a sake ilimantar da su", aka ce su riƙo guzurin kwana goma ko wata guda. Wasu sun haura shekara goma a sansani. Tarihin uba ya riƙa bin ɗa zuwa ƙofar jami'a da wurin neman aiki. Mutum kusan 800,000 suka tsira ta teku a ƙananan jiragen ruwa, ban da waɗanda ruwa da 'yan fashi suka cinye. Nakasasshen sojan Arewa yana da fansho, na Kudu ba shi da ko sisi, shi ya sa za ka ga tsoho mai ƙafa ɗaya yana tallar tikitin caca a titin Saigon. Ranar 30 ga Afrilu da ake biki a nan, a unguwannin 'yan Biyetnam na Kalifoniya zaman makoki ake yi.

Akwai shugabannin da suka ga wannan. Vo Van Kiet, tsohon firayim minista, ɗan Kudu ne da ya yi yaƙi a ɓangaren 'yan gurguzu, ya kuma rasa matarsa da 'ya'yansa a yaƙin. Shi ne ya fito a 2005 ya ce ranar da miliyoyi ke murna da ita, wasu miliyoyin baƙin ciki suke yi, kuma rauni ne da ya kamata a ɗaure, ba a yi ta fama shi ba. Shekara guda kafin nan an bar Nguyen Cao Ky, tsohon mataimakin shugaban Kudu, ya dawo ziyara. An sassauta wa 'yan gudun hijira, suna zuwa, suna aiko da kuɗi, wasu sun dawo da zama.

Ɗan Nijeriya ba zai tsaya a Bien Hoa bai tuna Janairun 1970, ƙarshen yaƙin basasarmu, ba. Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, kuma shekara tara bayan haka Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shagari, a 1982 aka yafe wa Ojukwu. A wannan fanni mun yi abin da Hanoi ba ta yi ba. Amma fam 20 da aka ba masu ajiya a banki da gidajen Fatakwal da aka ƙwace suna nan a bakin jikokin waɗanda abin ya shafa, mu ma ba mu gama ba.

A Biyetnam, inda bambancin sulhu da Amurka da sulhun cikin gida ya fi fitowa fili shi ne wajen neman waɗanda suka ɓace. Tun 1988 tawagogin Amurka da na Biyetnam ke tona tsaunuka tare, suna tankaɗe ƙasa don neman haƙori ko maɓallin rigar matuƙin jirgi, a kai gida da tuta. A 2021 ƙasashen biyu suka sa hannu Amurka ta taimaka da takardunta da gwajin ƙwayar halitta wajen gano sojojin Arewa wajen 200,000 da ba a san inda suke kwance ba. Sojan Kudu da ya ɓace ba ya cikin lissafin kowa: gwamnatin da ya yi wa yaƙi ta shuɗe, ƙawarta ta tafi, wadda ta ci ba ta ƙirga shi. 'Ya'yansu ne, waɗanda yanzu suka yi furfura, ke hawa mota zuwa tsaunukan Arewa inda sansanonin suke a da, suna tambayar tsofaffin ƙauye ko sun tuna inda aka binne fursunoni, su haƙa da kuɗin aljihunsu. Gwamnatin da ta iya zama teburi ɗaya da waɗanda suka yi mata ruwan bama-bamai ba za ta rasa ƙarfin buɗe wa waɗannan iyalai takardun sansanonin ba.