Awa Biyu a Titin Gidan Zoo

A hutun da ya wuce na raka ƙanena Titin Gidan Zoo a Kano, inda sutudiyon waƙa suke da yawa. Kuɗin awa biyu ya tara, don ya naɗi waƙar bikin yaye ɗaliban makarantarsu.

Ɗakin ƙarami ne, an liƙe bangonsa da soso, ga kwamfuta ga fiyano. Makaɗin ya danna fiyano, shiru! Minti ashirin suka wuce, ƙanena sai gumi yake.

Ashe fiyanon ba sauti yake aika wa kwamfuta ba, saƙon MIDI ne, tsarin da ya fito a 1983. Saƙon yana faɗin maɓallin da aka danna da ƙarfin dannawar, kuma layukansa 16 ne. Fiyanon yana aikawa ta layi na 2, manhajar da ke samar da sautin tana jira a na 1.

Da makaɗin ya daidaita su, kiɗa ya tashi. Sai ya ware wa ganga da sarewa kowacce hanyarta, don ya rage ƙarar ganga ba tare da ya taɓa sarewa ba.

Ana kiran sallar Magariba muka fito da waƙarmu. Ƙannena, ku daina gudun darasin kwamfuta.