Ƙungiyarmu ta Ɓoye a Dakoro

A watan Oktoba na 1983 aka turo ni Dakoro aikin koyarwa. Na baro Yamai da akwatin ƙarfe guda, sama tufafi, ƙasa takardun da in jandarma ya ɗaga ya gani, sai dai dangi su nemi labarina a gidan kaso. Zamanin Seyni Kountché ne, wanda ya karɓe mulki tun 15 ga Afrilun 1974, kuma ko a fadar shan shayi sai mutum ya auna magana kafin ya furta ta. A watan Mayun 1983 ne ɗalibin nan Amadou Boubacar ya rasu a hannun jami'an tsaro bayan yajin ɗalibai. Duk wanda ya zauna cikin USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, a wannan lokaci ya fito da wuta a zuciya. Tawa wutar wata 'yar ƙungiya ta ɓoye ce ta tsince ta, ta masu karatun Marx da Lenin, waɗanda bayan ɓatawar Sin da Albaniya a 1978 suka koma ganin Enver Hoxha kaɗai ya rage bisa gaskiya a duniya.

Ba zan ci amanar abin da na samu a wurinsu ba. Su suka fara koya mini karanta kasafin kuɗin ƙasa. A bakinsu na gane abin da ya haɗa ramin uranium na Arlit da tsagaggen allon ajinmu: farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta tafi wurin masu ba da lamuni na duniya, su kuma suka ce a tsuke aljihu, aka fara tsukewa ta kan lakwal da gidan likita. Ɗan talakan da ba a taɓa yi wa bayanin talaucin gidansu ba, in ya samu masu warware masa shi dalla-dalla, zai bi su duk inda suka nufa. Na bi su da zuciya ɗaya.

A Dakoro hannu ɗaya ya isa ya ƙirga mu: malaman lakwal da wani ma'aikacin dabbobi. Kowa da sunansa na ɓoye, kowa da abin da yake cirewa daga albashi ƙarshen wata. Mutum ɗaya ne ya san hanyar da ta haɗa mu da Maraɗi, inda takardu ke fitowa, bugun sitansil, a naɗe cikin kayan tafiya. Da dare muke haɗuwa, a rage fitila, a kamo Rediyo Tirana da Faransanci, sannan a shiga suka da sukar kai: kowa ya faɗi inda ya kauce wa layin ƙungiya, sauran su ƙara masa da abin da ya bari.

Sai damina ta 1984 ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. A arewa, kwarin Tarka da wajen Bermo da Gadabeji, ciyawa ba ta fito ba, shanun Fulani da dabbobin Buzaye suka riƙa faɗuwa a bakin rijiyoyi. Tun watan Afrilu Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hanyar masara da garin rogo ta toshe, shi ya sa har yau tsofaffi ke kiran wannan yunwa El-Buhari. Mutane suka gangaro, suka kafa 'yan rumfunan tsumma a bayan gari. Na ga mai garke yana sayar da saniya kuɗin 'yan tiyoyin hatsi, yana kau da fuska kada ya ga an ja ta. A ajina kullum sai bencin wani ya zama wofi, in na tambaya a ce sun tafi kudu cin rani.

Da tsabar agaji ta fara isowa, hukuma ta nemi malamai su taimaka wajen rubuta sunayen magidanta da yawan bakunan da ke wuyan kowa. Na kai maganar gaban ƙungiya. Amsa ta zo daga Maraɗi a rubuce: kada ɗan ƙungiya ya sa hannu. Rabon tsaba dabara ce ta soja da Amurka don a kwantar da fushin talakawa, yunwar kuwa ita za ta buɗe idon manoma su tashi. Wanda ya karanta mana takardar ba mugu ba ne, na san shi da kyauta, na san ya sha biyan kuɗin magani ga 'ya'yan maƙwabta. Amma ya karanta ta ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, alhali daga ɗakin da muke zaune ana jin kukan yaran bayan gari. Washegari na ɗauki biro na tafi wurin rabo. A zama na gaba aka tsayar da ni, aka ce ni ƙaramin ɗan burjuwa ne mai tausayin da ba shi da alkibla. Na saurara har suka gama. Ban ba da haƙuri ba, ban kuma fita ba, domin a waje babu kowa sai Samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnatin Kountché, da shiru.

A wurin rabon ne na saba da wani tsohon tela, ɗan jam'iyyar Sawaba na asali. Ya ga zamanin Djibo Bakary, ya ga haramta jam'iyyar a 1959, ya sha ɗauri bayan shigowar mayaƙan Sawaba a 1964, lokacin da gwamnatin Diori ta bi magoya bayan jam'iyyar gida-gida. A takardunmu an riga an yanke wa Sawaba hukunci: wai ƙungiya ce ta teloli da direbobi da 'yan tireda, ba ta da sahihiyar aƙida. Shi kuwa tsohon, yana zaune bakin kekensa, ya san wace bazawara ce aka tsallake a rubutu, wane mai unguwa ne ya ƙara sunayen matattu, wane Bafillace ne kunya ta hana shi shiga layi, sai an kai masa da dare. Wata rana na ɗan gutsura masa abin da muke karantawa. Ya ce, "Mushe, ɗana, karatunku ya fi namu. To amma in an kama ka gobe, wa zai kai wa iyalinka tuwo a garin nan?" Na rasa sunan da zan ba shi.

Shekarun da suka biyo baya, Kountché bai san da zamanmu ba, mu kuwa muna cin junanmu. Thomas Sankara na Burkina Faso ya raba mu gida biyu: wasu na ganin sa ɗan juyin juya hali, wasu na bin ra'ayin 'yan gurguzun can masu bin Albaniya, da ke cewa juyin mulkin soja ne kawai aka shafa wa jan fenti. Da aka kashe shi ranar 15 ga Oktoban 1987, yaran kolej na kuka a fili, mu kuma aka hana mu nuna alhini sai layi ya fito.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na abokina, malami kamar ni, wanda muka ci kwano ɗaya tun zuwana. Ya nemi auren wata yarinya daga gidan sarauta, kuma bai taɓa ɓoye zuwansa masallacin Juma'a ba. Aka kira zama, aka jera masa laifi: ya haɗa jini da masu mulkin gargajiya, ya kasa rabuwa da tunanin da. Ya ce yarinyar yake so, ba rawanin kawunta ba. Aka kore shi, aka kuma umarce mu kada wanda ya ƙara gaishe shi, wai don tsaron asiri. Wanda bai zauna ƙaramin gari ba ba zai san nauyin wannan ba. A Dakoro hanya ɗaya ce ke kai mu lakwal, rumfar mai nama ɗaya ce, jana'iza ɗaya ke tara mu. A hana ka ce wa mutum ina kwana, an umarce ka ka kashe shi da ransa. Ni na ci gaba da gaishe shi, na je ɗaurin auren. Amma na ga waɗanda ya yi jinyarsu suna sauya hanya in sun hango shi, na kuma ga yadda ya rame. Mutanen da suka ce za su 'yantar da ƙasa baki ɗaya sun iya wannan da ɗan'uwansu tun ba su riƙe ko ofishin mai gari ba, sai na fara tambayar kaina me za su yi ranar da gidan kaso ya zo hannunsu.

Kountché ya rasu a watan Nuwamban 1987, Ali Saibou da ya gaje shi ya sassauta. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka mutu. Wannan jini ya sake haɗa mu na ɗan lokaci, muka fito fili tare da ƙungiyar malamai da ta ƙwadago ta USTN, aka yi yaji, aka yi maci, har gwamnati ta yarda da jam'iyyu barkatai. Na yi zaton iskar waje za ta warkar da mu. Ina! Da aka buɗe Taron Ƙasa ranar 29 ga Yulin 1991 ƙarƙashin André Salifou, sai sabuwar gardama: masu cewa a shiga a kama abin da ya samu, da masu cewa duk wanda ya shiga ya sayar da talaka. Wasu suka nufi jam'iyyar PNDS-Tarayya, aka kira su maciya amana, su ma suka rama da kiran sauran 'yan mafarki. Albaniyar da muke dogaro da ita kuwa, a shekarar nan 'ya'yanta ke cika jiragen ruwa suna gudu Italiya, ba wanda ya kawo zancen a zama.

Ranar 30 ga Oktoban 1991, saura kwana kaɗan a rufe taron, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, ya kai ga kashe Fulani fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Labarin ya iso Dakoro, gari ya yi tsit, domin kowa ya san irin wannan wuta tana iya tashi a kowace gona tamu. A ajina akwai 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya a benci ɗaya, ranar ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Muka zauna don fitar da sanarwa. Dare ya raba ana jayayya kan jimla guda: a ce wannan ƙaramin saɓani ne tsakanin talakawa, babban saɓani yana tsakaninmu da 'yan mulkin mallaka. Na tambaya ko akwai wanda ya san burtali nawa ne tsakanin Kornaka da kwarin Tarka, ko wanda ya taɓa kwana a ruga, ko wanda zai iya yi wa Bafillace ta'aziyya da harshensa. Aka ce ina karkatar da muhawara. Na tashi na ɗauko takardun da ke hannuna na ajiye a tabarma, na ce Allah ya sada mu da alheri.

An yi mini abin da aka yi wa abokina, sai dai lokacin ƙungiyar ta riga ta yi rauni, ƙauracewar ba ta daɗe ba. Daga baya wasu cikin tsofaffin abokan gwagwarmaya sun riƙe manyan muƙamai, suka aiwatar da tsuke aljihun da muka yi ta zagi. Mutane na son in yi fushi da wannan, amma bai kai mini takardar 1984 ciwo ba. Ra'ayina game da bashi da uranium da wanda ke cin gumin wani yana nan inda yake, ban sauya ba.

Bayan dokar karkara ta 1993, da aka fara kafa kwamitocin filaye, na shiga aikin shata burtali da makiyaya. Aiki ne mai cin rai: zama da hakimai da arɗo-arɗo da limamai, duk waɗanda takardunmu suka ce a kawar, ana ja-in-ja kan taku goma na ƙasa, a kafa turaku bana, baɗi a tarar an tuge su. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, mutane sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Duk kaka sai an yi gardamar ranar da za a saki gonaki dabbobi su shiga, kuma akwai burtalin da muka shata da hannunmu wanda yanzu gero ne a tsakiyarsa. An sa zama a kansa bayan girbi, ni ma an aiko mini in je.