Kifin da ya haihu a gidanmu



Mu a Tudun Kaya kifin miya muka sani, karfasa da tarwaɗa, irin wanda masunta ke kamowa a madatsar Challawa ta Ƙaraye. Sai ga ƙaninmu ya dawo daga Kano bara da wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye shida a leda, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa. Ya ce sunansu gupi, wai haihuwa suke yi. Inna ta yi dariya ta ce, “Kai yaro, tun da nake ban taɓa jin kifi ya haihu ba.”

Muka zuba su a kwalbar gilashi mai faɗi. Asalinsu Kudancin Amurka ne, wajejen Benezuwela da tsibirin Tirinidad. Namijin ƙarami ne mai wutsiya kala-kala, macen ta fi shi girma amma ba ta da ado. Ƙwan a cikinta yake ƙyanƙyashewa, bayan kamar wata guda ta haifo 'ya'ya suna iyo.

Ranar da abin ya faru, yara suka ƙirga 'ya'ya 19 da safe, Inna na ta salati. Kafin la'asar saura 7. Ashe manyan ne ke cinye su, har da uwar. Autarmu ta yi kuka ta ƙi cin tuwo. Daga nan muka koyi ware 'ya'yan a wani mazubi da sanya musu ganyen ruwa su ɓuya. Hunturu ma ya kashe mana biyu, don ba sa jure ruwan sanyi. Yanzu a ɗaki suke kwana, abinci kaɗan-kaɗan, ruwa kuma kashi ɗaya cikin huɗu muke sauyawa duk mako. Tsutsar sauro kuwa ba sa barin ko ɗaya.

Da suka yi mana yawa muka ce bari mu juye su a dam. Kawu, wanda ya tsufa a su, ya hana. Ya ce baƙon kifi mai saurin haihuwa in ya shiga ruwa ba mai iya fitar da shi, kuma ruwan nan abincin mutane ne. Muka ji maganarsa, muka raba wa maƙwabta.

Har yau Inna ce ke fara leƙa kwalbar bayan sallar asuba. Allah ya ƙara mana sani.