Yaron da ke tsugunawa



Mun sha kwantar da jarumarmu a asibiti. Abba ya hana ta wanda take so, sai ta dafe ƙirji ta yanke jiki ta faɗi, likita ya fito yana cire tabarau ya ce, "Alhaji, zuciyarta ta kumbura, a ba ta abin da take so." Mu ma mun rubuta hakan, ba sau ɗaya ba. Ba mu taɓa jin kunyarsa ba sai da muka san labarin ɗan maƙwabtanmu.

Shekarunsa huɗu. In yara suna guje-guje a ƙofar gida, zai ɗan bi su, sai ya tsaya ya tsuguna, gwiwa a ƙirji, yana haki. Muka riƙa ce masa rago. Kakarsa ta ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo biki ce ta buɗe bakinsa ta ga harshe da dasashi sun yi shuɗi-shuɗi, ta dubi yatsunsa da suka yi kai kamar makaɗin ganga, ta ce wa uwar, "Yaya, kai shi a yi masa hoton zuciya." A baƙar fata leɓe ba ya saurin nuna wannan launin, shi ya sa ya wuce mu duka.

Hoton, wanda ake kira eko, ya nuna cutar da ake danganta sunanta da Fallot, likitan Faransa da ya yi bayaninta a 1888. Lahani huɗu ne a zuciya ɗaya: rami tsakanin ɗakunanta biyu na ƙasa, ƙuncin hanyar da ke kai jini huhu, babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki ta zauna a kan ramin, sannan bangon dama ya yi kauri. Jinin da bai sha iska ba sai ya ratsa ramin ya bi jiki.

Tsugunon ne ya fi tsaya mana a rai. In ya tsuguna, jijiyoyin ƙafa sukan matse, sai jini ya rage bin ramin ya ƙara tafiya huhu. Wato yaron da muke zagi yi wa kansa magani yake, ba wanda ya koya masa. Wane marubuci ne a cikinmu zai iya ƙirƙiro wannan yana kwance a ɗaki?

Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwarsa da wani lahani a zuciya, ko da yake irin wannan bai yawaita ba. Tun 1944 aka fara yi wa irin waɗannan yara tiyata a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, aikin Alfred Blalock da Helen Taussig da Vivien Thomas, baƙar fata wanda bai da digirin likita. Yau ana toshe ramin, a buɗe hanyar, yaro ya girma. Sai dai kuɗi. Uban ya sayar da babur ɗinsa, an karanta takardar neman taimako a masallacin Juma'a, ana ta maganar Indiya.

Jiya da yamma mun wuce shi a zaure, a tsugune, yana kallon 'yan ƙwallo. Muka gaishe shi. Sai da ya huta sannan ya amsa.