Kwana biyar ina jinyar laftof

Litinin

Bayan sallar asuba na danna maɓallin laftof ɗina. Fanka ta tashi, amma fuskar baƙi ƙirin. Fitilar Caps Lock kaɗai ke ƙyaftawa: sau uku, ta ɗan tsaya, ta sake. Gabana ya faɗi. Babi huɗu na kundin digirina na biyu suna ciki, ranar Juma'a zan kai wa malamina a Gwagwalada, kuma ba ni da kwafi a ko'ina.

Talata

Ƙanina ya kira daga Zariya. "Yaya, cire caja da batir, ka danne maɓallin daƙiƙa 30, ragowar wutar da ke ciki ta fita." Na yi, shiru kake ji. Na jona ta da talabijin ta wayar HDMI, ko fuskar ce kawai ta mutu. Talabijin ma bai nuna komai ba. Ashe ciwon a ciki yake. Tuwon dare ko taɓa shi ban yi ba.

Laraba

Na kai ta wurin wani mai gyara a unguwarmu, nan Kubwa. Ko noti ɗaya bai kwance ba ya yanke hukunci: "Oga, bod ne ya ƙone. Sayar mini ita kawai, na cire kayan ciki." Na rungumi abata na fito. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Alhamis

Na shiga motar Berger, daga nan na wuce Banex Plaza da ke titin Aminu Kano a Wuse 2. Tun daga ƙofa samari ke tare ni, kowa na cewa shagonsu ne. Na hau sama wurin wani matashi Bakano da abokin aikina ya kwatanta mini. Ya kunna ta, ya zuba wa fitilar ido yana ƙirga da yatsa.

"Malam, ai tun shekaranjiya waccan take faɗa maka ciwonta. A irin wannan, ƙyaftawa uku RAM ke nan. In ta tashi, BIOS kan fara duba RAM; in ba ta gan shi ba, ba za ta nuna komai ba."

Ya buɗe bayanta. Ƙurar hunturu ta dunƙule a jikin fanka kamar auduga. Ya zaro RAM ɗin, ya goge haƙoransa masu ruwan zinariya da robar goge fensir, ya hure ramin, ya mayar har ya ce ƙas. Fuska ta haska. Hamdalar da na yi sai da masu shagon kusa suka waigo.

"Nawa zan bayar?"

"Kawo na shayi. Amma don Allah, Malam, kwashe aikinka yau ɗin nan."

A kan bencinsa na zauna, na juye kundin a filash, na tura wa kaina ta imel, na ajiye wani a Google Drive.

Juma'a

Na kai babi huɗun kafin a tafi masallaci. Malam ya zane shafin farko da jan biro, ya ce in sake gabatarwar gaba ɗaya. Na karɓa ina murmushi, har ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. A hanyar dawowa na tsaya na saya wa laftof ɗin jaka mai zif, na kuma sayi robar goge fensir ta naira ɗari na jefa a aljihunta.