Kwarin Ndop: Inda Ƙarfe Ke Kwana Cikin Laka

Duk wanda ya bar Bamenda ya bi ta Bambui, ya hau tudun Sabga, zai hango wani makeken fili shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma. Wannan shi ne kwarin Ndop, mai garuruwa 13, inda hukumar UNVDA ke kula da noman shinkafa tun 1970. Rikicin da ya addabi yankin tun 2016 ya rage zirga-zirga, amma shinkafar Ndop ba baƙuwa ba ce a tukwanenmu.

To, jama'a, ku lura da launin ƙasar wurin. A kan tudu ja ce wur, saboda tsatsar ƙarfe da ta lulluɓe ƙwayoyinta. Amma idan ka sa fartanya a fadama, sai ka ga laka mai ruwan toka, da ɗigo-ɗigon ja nan da can. Ina jan ya tafi?

Ga yadda abin yake. Idan ruwa ya kwanta a gona, iska ba ta shiga ƙasa. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, da suka rasa iskar shaƙa, sai su koma kan tsatsar nan, su mai da ita ƙarfen da ke narkewa cikin ruwa. Shi kuwa yumɓu yana riƙe da abincin shuka a jikinsa, irin su fotash da kalsiyam. Narkakken ƙarfen sai ya ture su ya zauna a gurbinsu, ruwa ya kwashe su. Da rani ya yi, iska ta dawo, ƙarfen ya sake zama tsatsa, ya bar tsami a baya, tsamin kuma yana cin yumɓun sannu a hankali.

Manomi ne ke biyan kuɗin wannan kokawa. Shinkafar da ta sha ƙarfe fiye da kima, ganyenta na ƙasa kan yi ɗigon tsatsa tun daga tsini, saiwarta ta daskare, zangarniya ta fito ba nauyi. Akwai wata alama kuma: wani ƙyalli a saman ruwa kamar an zubar da kananzir. Taɓa shi da tsinke. In ya tsattsage bai sake haɗewa ba, ƙarfe ne, ba mai ba.

Mutanen kwarin sun daɗe da sanin ƙarfe da yumɓu. A ƙarni na 19 Babungo ta shahara wajen narka tama, har yau ana ganin tarin kashin ƙarfe a can. A Bamessing kuwa tukwane ake ginawa, kuma ƙarfen da ke cikin yumɓu shi ke sa tukunya ta yi ja bayan an gasa ta.

Saboda haka, ɗan'uwa mai gona a fadama, kada ka bar ruwa ya daɗe a kwance ba motsi. Ka gyara magudanai, ka sauke ruwan na 'yan kwanaki a tsakiyar damina don ƙasa ta sha iska. Ka yi kunya a gefen tudu don tare jan ruwan da ke tsattsafowa, ka sa taki mai fotash, ka nemi irin da ke jure ƙarfe wurin malaman gona. Allah ya ba mu damina mai albarka.